Tayil Ɗari da Uku

A watan Fabrairu, shekarar da sanyi ya fasa bututun ruwa a rabin gidajen garinmu, jadawalin sinadarai ya faɗo daga bangon makaranta. Ba lokaci guda ya faɗo ba. Ranar Litinin tayil biyu suka sauko, ranar Talata bakwai, ranar Laraba kuwa, ana tsakiyar darasi na uku, sauran suka bi sahu da ƙara kamar an kifar da kabad ɗin kwanuka. Ruwa ne ya jiƙa bangon ta ciki, simintin ya saki.

Ni sunana Tudose, labarin ƙasa nake koyarwa, ajina kuma yana kallon wannan bango. Na leƙa na ga abin da ya faru, na koma na ƙarasa wa yara bayanin kogin Danube, domin saura minti ashirin a buga ƙararrawa.

Tayil ɗari da uku ne, kowanne ya ɗan fi tafin hannu faɗi, masu kauri kamar yankan burodi. A masana'antar tangaran ta garinmu aka ƙona su tun kafin a rufe ta. Kowane tayil da sinadarinsa: harafi a tsakiya, lamba a kusurwa, suna a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Akwai jajaye, akwai ruwan ɗorawa, da koraye masu yawa, da shuɗɗa, da masu ruwan ƙasa. Fiye da shekara talatin suna nan a barandar bene, yara na jingina da su suna cin burodi. Mutum ɗaya ce kawai take kallonsu.

Malama Otilia ke nan, mai koyar da kimiyyar sinadarai. Gajeriya ce mai furfura, da baƙar jaka da ba ta rabuwa da ita. Shekararta talatin da takwas tana koyarwa, a watan Yuni za ta ajiye aiki. Ta fito daga ajinta, ta dubi tarin, ta aika aka kawo mata akwatunan dankali biyu daga kicin. Har aka tashi tana durƙushe tana tsince su. Tara sun rabe biyu, amma za su liƙu. Ɗaya kuwa babu shi ko sama ko ƙasa.

Shugaban makaranta, Malam Pricop, ya zo ya tsaya a kanta, hannu a aljihu.

Ya ce, "Malama, kada ki wahalar da kanki. An aiko mana da na takarda, sabo fil, har sheƙi yake. A shafa wa bangon fenti, a rataye, shi ke nan."

Ta ce, "Na takarda yana ajina. Wannan bango ne."

"Wata huɗu fa ya rage miki."

"Shi ya sa nake sauri."

Pricop ba ya son gardama da ita, don ita ta koyar da shi, kuma sau biyu ta kayar da shi a jarrabawa. Sai ya bi ta bayan gida. Ya ce in ta samu mai ɗaurawa, a ɗaura. Ya san abin da ya taka. Maginan garinmu duk sun tafi Italiya da Sifen, mutum ɗaya ya rage da ya iya tayil, wato Nea Gherasim. Nea ɗin kamar a ce kawu ne, haka kowa ke kiransa. Ƙanin marigayi mijin Otilia ne, kuma shekara goma sha ɗaya ba su ce wa juna ko sannu ba.

Dalilin kuwa kowa ya sani. Da yayansa Costache ya rasu, Gherasim ya kwana uku yana ɗaura wa kabarin farin tayil da hannunsa. Ranar addu'ar arba'in, ga fada daga coci, ga dangi, ga maƙwabta, Otilia ta buɗe baƙar jakar nan ta fito da ma'aunin magina mai kumfa a tsakiya, ta ɗora a kan kabarin. Kumfar ta ɗan karkata hagu. Ta mayar da ma'aunin jaka. Daga baya Gherasim ya gaya wa mutane a kasuwa cewa da gangan ya karkata shi don ruwan sama ya riƙa gangarewa. Da labarin ya kai mata, sai ta ce ai da sai ya faɗa. A nan maganar ta tsaya.

Ranar Alhamis ta tare ni a bakin matattakala.

"Tudose, je ka gaya wa ƙanin marigayi akwai aiki a makaranta."

Na same shi a bayan gidansa yana yi wa kuringar inabi aski. Dogo ne, shekararsa sittin da shida, hularsa ta fatar tunkiya ta girmi wasu malamanmu. Na faɗa masa saƙon.

Ya ce, "Ita ta aiko ka?"

Na ce, "Makaranta ta aiko ni, Nea Gherasim."

"Makarantar nan tana da baƙar jaka?"

Ya datse reshe biyu, ya dube su, ya yar.

"Zan zo. Amma ka gaya wa makarantar ta bar ma'auninta a gida."

Mako biyu ya yi yana kankare tsohon siminti, yana jira bangon ya bushe. Ranar Juma'ar da ya gama, Otilia ta ba ni zanen jadawalin a takarda in kai masa. Ko karɓa bai yi ba.

Ya ce, "Shekara hamsin ina ɗaura tayil, ban taɓa neman taswira ba. Ba ga lamba a jikinsu ba? Na iya ƙirga."

Ranar Asabar ni ke riƙe da makullin makaranta, don haka a gabana ya fara. Ya ja igiya, ya kwaɓa siminti, ya ɗauki lamba ɗaya ya manna, ya bi da biyu, da uku, har goma. Ya sauko layi na biyu, sha ɗaya zuwa ashirin. Gaskiya aikin ya yi kyau. Layin ya miƙe sambal, tazarar da ke tsakani ko gashi ba ta fi wata ba. Launukan ne dai suka watse, ja a nan, shuɗi a can, kamar bargon faci. Ni labarin ƙasa na karanta, na ga kamar akwai abin da ba daidai ba, amma ba hurumina ba ne.

Yana layi na huɗu, wajen sha ɗaya na safe, muka ji takunta a matattakala. Ta zo ta tsaya. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Tudose, tambayi mutumin nan me yake yi."

Na juya na ce, "Nea Gherasim, wai me kake yi?"

"Gaya mata aiki ake ce masa. Wasu ba su san shi ba."

Na gaya mata.

"Gaya masa wannan ba banɗakin kantoma ba ne."

"Gaya mata banɗakin kantoma ni na yi shi, shekara ashirin ko ɗaya bai faɗo ba."

Tsakaninsu bai fi taku uku ba, ni kuma ina tsakiya. Ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta je bangon ta ɓamɓaro tayil mai lamba uku tun simintin na ɗanye. Ta ɓamɓaro sha ɗaya, da sha tara, da talatin da bakwai. Ta tono hamsin da biyar da tamanin da bakwai daga akwati. Ta jera su a ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Duk jajaye ne.

"Gaya masa waɗannan 'yan gida ɗaya ne. A tsaye suke zama, wannan kan wannan."

Gherasim ya sunkuya ya karanta. "Uku, sha ɗaya, sha tara, talatin da bakwai. Tudose, wanda ya koya wa matar nan ƙirga ya cuce ta, ya cuci gari."

Ta shiga ɗakin gwaji, ta fito da kwalabe biyu da ɗan hantsaki da wuƙa. A cikin kowace kwalba akwai wani abu kamar guntun sabulu mai ruwan toka, kwance a cikin mai. Ta yanko ɗan mitsitsi daga ta farko, bai kai ƙwayar masara ba.

"Gaya masa wannan shi ne lamba sha ɗaya, sodiyam. Ya ja da baya."

Bai ja ba. Ta jefa a bokitin ruwansa. Abin ya dunƙule, ya shiga zagaya bokitin a guje yana huci kamar an taka wutsiyar kyanwa, har ya ƙare. Ta yanko daga kwalba ta biyu.

"Sha tara. Fotasiyam."

Wannan ko jira bai yi ba. Yana taɓa ruwa ya kama da wuta mai ruwan shunayya, ya yi tsalle, ya fashe da ɗan ƙara. A wannan karon Gherasim ya ja da baya, ni kuwa tuni na kai bakin ƙofar ajina.

Ya ce, "Bokitina ne fa."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya nuna jajayen tayil ɗin da ke ƙasa da yatsan ƙafa. "Na ƙasan su fa?"

Ta ce, "Sun fi su hauka. Duk wanda ka sauka, ya fi na samansa."

"Kina da su?"

"Da ina da su, da yanzu ba ka da bokiti."

Sai a lokacin na lura sun yi magana kai-tsaye, ba a bi ta kaina ba. Su ma na ga alamar sun lura, don kowanne ya kau da kai. Aikina ya ƙare ke nan, amma tun da ba wanda ya sallame ni, kuma makulli na hannuna, sai na nemi benci na zauna.

Ta yi masa bayani a tsaye, da irin muryar da take yi wa 'yan aji bakwai. Ta ce kowane sinadari yana da wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zagaya cibiyarsa, hawa-hawa kamar ɓawon albasa, kuma halinsa duk yana ga waɗanda ke hawan waje. Jajayen nan ƙwaya ɗaya tak gare su a waje, ta dame su, neman inda za su yar da ita suke. Masu ruwan ɗorawa, su kulorin, ɗaya ce ta rage musu su cika, don haka kullum a cikin farauta suke. In sodiyam ya haɗu da kulorin, wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, kowa ya huta.

"Me ke fitowa?"

"Gishiri."

"Wane gishiri?"

"Wanda ka sa a ƙwai da safe."

Ya dubi bokitin, ya dube ta. Bai yarda ba, amma bai musa ba. Ya ɗauko wani shuɗin tayil daga akwati. "Waɗannan fa?"

"Su a cike suke. Ba sa bayarwa, ba sa karɓa, ba sa haɗuwa da kowa."

"Kamar ke."

Ta ce, "Kamar ni. Can ƙarshen dama za ka sa su."

Da kansa ya sauke layuka huɗun, ya wanke bayan kowane tayil. Ya ce ba zai sake manna ko ɗaya ba sai ya ga abin gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙasa. Aka ture bencina gefe, aka fara jeri a daɓen baranda. Ba ta ba shi takardar ba, shi ma bai nema ba. Ta ce masa kawai ya bi lamba, amma duk inda ya ci karo da ja, ya koma farkon sabon layi.

Layin farko tayil biyu ne kacal, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Na biyu takwas, na uku takwas, kowanne da wawakeken gurbi a tsakiya. Gherasim ya yi ta mita, wai abu kamar bakin tsohuwa. Amma da ya kai layi na huɗu, koraye goma suka zo suka cike tsakiyar, sai ya daina mita. Da ya gama na biyar ya miƙe ya ja da baya. Jajaye sun sauko a hagu a jere, shuɗɗa a dama, ruwan ɗorawa kusa da su, ba wanda ya kauce.

Ya ce, "Kai! Ashe abin da kansa yake jeruwa."

Ta ce, "Shekara talatin da takwas ina faɗa."

"Ba ki faɗa da tayil ba."

Lamba ta farko, wato ɗaya, ita ce ta ba su ɗan aiki. Ita kaɗai ce fara, ba ta da 'yan'uwa. Otilia ta ce a sa ta a kan jajaye, don ita ma ƙwaya ɗaya gare ta, sai dai ba ƙarfe ba ce kamar su, iska ce, kuma har yau masana ba su gama shawarar inda ta fi dacewa ba.

"Tun yaushe suke shawarar?"

"An fi shekara ɗari."

"'Yan majalisar gari ne?"

Da rana ta buɗe jaka ta fito da ƙunshin mamaliga, tuwon masararmu, da cuku da soyayyar albasa. Ta miƙa mini, ta ce ni ta kawo wa. Abincin ya ishi mutum uku. Ta ƙara da cewa in na rage kada in zubar. Na rage, ban zubar ba. Gherasim ya cinye yana kallon taga.

Rigimar gaske a layi na shida ta taso. Ya sa hamsin da biyar, ya sa hamsin da shida, ya ɗauko hamsin da bakwai, mai ruwan ƙasa. Ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Daga wannan zuwa saba'in da ɗaya, ƙasa za su. Haka ma tamanin da tara zuwa ɗari da uku. Layi biyu daban, a ƙarƙashin jadawalin. A gurbinsu tauraro ake zanawa."

Ya ƙirga masu ruwan ƙasan. Talatin ne. "Me suka yi?"

"Ba su yi komai ba."

"Hamsin da bakwai ba ita ke bin hamsin da shida ba?"

"Ita ce."

"Saba'in da biyu ba bayan saba'in da ɗaya take ba?"

"Haka ne."

"To me ya fitar da su waje, matar Yaya? Kin ce in bi lamba. Na bi lamba kin ce ban iya ba, na bi gida-gida, yanzu kuma kin kori mutum talatin zuwa bayan gida."

Rabon da ya kira ta matar Yaya tun Costache na da rai. Ta gyara tabarau. Ta ce haka ake yi a ko'ina. Ya ce bai tambayi ko'ina ba. Sai ta faɗi gaskiya: in aka sa su a inda lambarsu ta ce, layin zai kai tayil talatin da biyu, jadawalin ya yi tsawo ya sirance, ba zai shiga shafin littafi ba.

"Shi ke nan dalilin?"

"Shi ke nan."

Ya zaro tef daga aljihu, ya ba ni bakin in riƙe a kusurwa, ya taka har ƙarshen bangon. Ya dawo yana naɗewa.

"Mita bakwai da ɗan kai. Talatin da biyu za su ci biyar da kaɗan. Bangon nan ba littafi ba ne."

Otilia ta ɗauki jakarta ta sauka, ko sallama babu. Gherasim ya wanke cokalin gininsa, ya ce mini in kulle, ya ce in ta ga dama ta kira ɗaya daga cikin na Italiya.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce in ɗauko makulli. A hanya muka bi ta gidansa. Ba ta aike ni ba, ita ta leƙa ta kan shinge ta ce, "Gherasim, zo a gwada a ƙasa." Ya fito da rigar cocinsa.

Sai da aka matsar da kusan komai dama don a buɗe wa talatin ɗin wuri. Da aka gama, jadawalin ya miƙe a daɓen baranda tun daga ƙofar ajina har kusa da matattakala, dogo, siriri, ƙasansa cike, samansa kamar hasumiya biyu. Ta fara daga hamsin da biyar, ta taka a hankali tana bin layin da ido har tamanin da shida, ba tsalle, ba tauraro. Ta dawo ta sake. Sannan ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Haka yake a gaskiya. Na sani, na karanta tun ina jami'a. Ban dai taɓa ganinsa ba."

Gherasim ya sunkuya yana gyara wani tayil da ba abin da ya same shi.

Saura matsala biyu. Ta farko, akwai gurbi a layi na shida, tsakanin saba'in da takwas da tamanin. Gherasim ya ce wanda ya ɓata kore ne, kuma tun da a ƙarƙashin jan ƙarfe da azurfa yake, ba ƙaramin mutum ba ne. Otilia ta ce zinariya ce. Tun makon da abin ya faɗo Pricop ya tara ɗalibai ya yi musu huɗubar rabin awa a kan sata, ya ce duk yaron da ya ɗauke zinariyar makaranta ya sani ƙarshensa kurkuku. Ba wanda ya dawo da ita.

Ta biyu, doguwar sigar za ta cinye inda allon sanarwa yake, kuma a allon nan akwai hoton Pricop yana karɓar kofin gasa. Ranar Litinin ya kira mu ofis mu uku.

Ya ce, "Malama, na yarda a mayar da abu yadda yake. Ban yarda a ƙirƙiro sabon ilimi a barandata ba. Allon nan ba inda za shi."

Yana magana yana zuba gahawa daga 'yar tukunyarsa. Gherasim ba ya sauraro. Idonsa na kan abin da aka ɗora tukunyar a kai, wani murabba'i mai busasshen siminti a baya. Ya miƙa hannu, ya ɗage tukunyar, ya juya abin. Kore ne, lamba saba'in da tara. Ashe yana cikin biyun da suka fara faɗowa ran Litinin, Pricop ya tsinta a kife, ya ga zai yi amfani, bai taɓa juya shi ba.

Gherasim ya goge shi da hannun riga, ya sa a aljihu, ya mayar da tukunyar kan teburin.

Otilia ta ce, "Rabin awa ka yi, ko? Yara za su so su ji an samu ɓarawon."

Pricop ya dubi tukunyarsa. Ya ce da ma ya daɗe yana tunanin allon zai fi samun haske a kusa da ƙofar shiga.

Kwana tara aikin ya ci. Gherasim na mannawa, Otilia na miƙa masa in ba ta da darasi, suna gardama a kan komai, har da yawan ruwan siminti. Yara suka fara tsayawa suna kallo, abin da ba su taɓa yi ba lokacin da jadawalin ke daidai da na littafi. Wata yarinya 'yar aji takwas ta tambaye shi ko ya karanta kimiyya. Ya ce aji bakwai ya yi, aka ce ya fi amfani a waje.

A watan Mayu sufeto ya zo daga ofishin ilimi na lardi, saurayi mai sabon takalmi. Ya tsaya gaban bangon, ya buɗe littafi, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Malama, wannan bai yi daidai da littafi ba."

Ta ce, "Ƙirga."

Ya fara daga ɗaya, yana bi da yatsa, yana takawa hagu da dama har ɗari da uku. Ya duba jajaye, ya duba shuɗɗa. Ya nemi kuskure har wuyansa ya gaji. A ƙarshe ya rubuta a rahotonsa cewa jadawalin daidai yake, sai dai ya fi ƙa'ida faɗi. Pricop ya sa hannu.

Otilia ta ajiye aiki a watan Yuni, aka ba ta furanni da agogon bango. Amma layi na bakwai a ɗari da uku ya tsaya, kuma Gherasim ya shafe sauran wurin sumul, gurbin tayil goma sha biyar, ya ce ba ya barin layi a gutsure. Ta gaya masa tun bayan da aka ƙona tayil ɗin nan masana sun samo wasu sinadaran, suna kuma kan nema. Ya ce to su yi sauri, shi ba yaro ba ne.

Fararen tayil na banɗaki ya yanka daidai girman sauran, ita kuma ta zana haruffa da lamba da fentin da ba ya fita. Waɗanda aka riga aka raɗa wa suna suka manna a wannan bazarar. Sauran kuwa sai jira. Duk sa'ad da ta ji an raɗa wa wani sabo suna, sai ta bi ta gidansa, su zo tare da bokiti, ni in buɗe musu. Wani lokaci shekara biyu ba labari, wani lokaci fiye da haka. Huɗun ƙarshe tare suka zo, lokacin ya haura tamanin (ko kusa, shi dai bai taɓa faɗar gaskiyar shekarunsa ba). Ita ta riƙe masa tayil ɗin, shi ya danna. Ya tambaye ta wannan na ƙarshen me yake yi. Ta ce ba wanda ya sani sosai, don ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa yake lalacewa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan aka taɓa samu a duniya.

Ya ce, "Amma an ba shi tayil guda, daidai da ƙarfe."

Ta ce, "An ba shi."

Ya goge simintin da ya fito ta gefe da babban yatsa, ya ce mini in kawo ruwa a wanke bokiti.